Lambar da ke gaban direba ba mudu ba ce: Buɗaɗɗiyar wasiƙa daga Gure zuwa ga Babban Daraktan hukumar ma'auni ta Nijar

Zuwa ga Maigirma Babban Darakta,
Hukumar ANMC mai kula da ma'auni da ingancin kaya,
Yamai.

Ina rubuto maka ne daga Gure, a gabashin jihar Damagaram, kan hanyar Difa, sama da kilomita 1,000 daga ofishinka. Na koyar da lissafi shekaru masu yawa kafin in ajiye alli. Maganar da ta sa na ɗauki alƙalami yau ita ma ta lissafi ce, amma lissafin da ya taɓa abincin mutane da mutuncinsu.

Ɗan ƙanena direba ne. Wata ƙungiya da ke aiki a yankinmu ta ɗauke shi yana tuƙa mata kat-kat irin ta zamani, mai ɗan allo a bayan sitiyari da ke nuna yawan man da mota ke sha. A ƙarshen wani wata mai kula da kuɗinsu ya tattara takardun mai, ya leƙa motar ya karanta lambar allon, ya ninka ta da nisan garuruwan da aka je kamar yadda yake a taswira, sai ya ga man da aka zuba ya zarce lissafinsa da litoci masu yawa. Ba a kai yaron jandarma ba, ba a kuma ce masa ɓarawo baki da baki ba. An dai yanke kuɗin a albashinsa, da kwangilarsa ta ƙare aka ƙi sabuntawa. A gari kamar Gure ba sai an yi shela ba, kafin kasuwa ta zagayo 'yan tasha duk sun ji. Ya zo mini da kwafin littafin motar yana ta rantsuwa, na ce ya bar rantsuwa mu zauna mu yi lissafi. Mafi yawan tafiyar watan a rairayi aka yi ta, ta wajen Kelle da Tasker. Lambar da aka yi masa hukunci da ita kuwa matsakaici ne da ya taru tun ranar da aka taho da motar daga Yamai a kan kwalta, babu wanda ya taɓa share shi.

Ban ce babu direban da ke zuƙe mai ba. Akwai su, mun san su, tiyo da bido ba baƙi ba ne a kowace tasha. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da nake roƙo, ranka ya daɗe, shi ne hukumarka ta faɗa wa ƙasa da bakinta cewa lambar nan ƙiyasi ce ba awo ba, kuma bai halatta a yanke wa mutum hukunci da ita kaɗai ba.

Ka fi ni sanin yadda ake samar da ita, amma tunda wasiƙar a buɗe take, bari in yi bayani domin masu motoci da ke karantawa. Babu wani mudu a cikin mota da mai ke bi ta cikinsa ana ƙirgawa. Abin da ke akwai shi ne 'yar kwamfutar inji, wadda ke ba injekta umarni ta buɗe ta fesa mai na lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, sau dubbai a minti guda. Kwamfutar tana tara tsawon lokacin da injektocin suka yi a buɗe, ta ninka shi da yawan man da masana'anta ta ce lafiyayyiyar injekta na fesawa, sai ta ce ga abin da aka sha. Nisan tafiya ma ba a ƙasa take auna shi ba, juyin taya take ƙirgawa. Ta raba wancan da wannan, ta rubuta a allo. Tamkar mai awon hatsi ce da ba ta duba cikin tiya ba, ta dai ƙirga sau nawa hannunta ya shiga buhu, ta ce maka ga tiya goma.

Idan mota sabuwa ce, tayoyinta na asali, hanyarta shimfiɗaɗɗiya, ƙiyasin kan yi kusa da gaskiya, wannan ba na musu a kai. A 2021 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada motoci 16 a ɗakin gwaji, ta sami matsakaicin kuskuren allon kashi 2.3 cikin 100, amma a cikinsu akwai wadda ta kauce da kashi 6.4. Tarayyar Turai kuma tun Janairun 2021 ta wajabta wa kowace sabuwar mota ta riƙa adana lissafin man da ta sha, ta kuma yarda na'urar ta yi kuskure har kashi 5 cikin 100 a ranar da ake gwada ta. Ka dubi wannan adadi ka gwama shi da ƙa'idar da kuke aiki da irinta: ƙungiyar ma'auni ta duniya, OIML, ba ta yarda famfon gidan mai ya kauce fiye da rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Sassaucin da aka yi wa allon mota ya ninka na famfo sau 10, kuma a sabuwar mota ke nan, a ƙasashen da aka ƙera ta. Masu ƙera na'urar da kansu ba su ɗauke ta ma'aunin ciniki ba.

To, mu wace irin mota ke iso mana? Yawanci wadda ta gama shekarunta na ƙuruciya a Turai ko Amurka, ta sauka a Kwatano ko Lome, ta yi hannu biyu ko uku kafin ta ga Gure. Injekta da ta tsufa tana iya ɗiga, ta fesa fiye da abin da kwamfuta ke zato, sai allo ya rage gaskiya. Wadda datti ya toshe kuma ba ta fesa isasshe, sai kwamfuta ta tsawaita mata lokacin buɗewa don inji ya samu abin da yake bukata, allo ya ƙara a kan gaskiya. Kuskuren yana iya faɗawa ta kowane ɓangare, kuma mai mota ba ya da yadda zai gane ta ina ya faɗa ta hanyar kallon allo. Ƙara da man da ya kwana a bido ya sha ƙura, da na'urorin hayaƙi da makanikai kan cire in sun lalace ba a mayar ba.

Sai taya, wadda a nan ita ce babbar magana. Duk wanda zai shiga daji yakan sa taya mai tsawo. Ɗauki misali guda: taya mai lamba 265/65 R17 tsayinta milimita 776 ne, mai lamba 265/70 R17 kuma milimita 803. Da ido kusan ɗaya suke, amma bambancinsu ya haura kashi 3 cikin 100, kuma kwamfuta ba ta san an canza ba. Motar za ta yi kilomita 103 agogonta ya rubuta 100. A rairayi kuwa abin juyewa yake yi. Direba yakan sace iskar taya don kada ya kafe, taya ta riƙa juyi a wuri ɗaya tana watsa yashi, agogo yana ta ƙirga kilomitocin da ƙasa ba ta san da su ba. Ga giya mai nauyi, ga ƙafa huɗu duk a ɗaure, ga hawan tudu sau uku kafin a haye, ga kewaye saboda iskar hunturu ta binne sawun da aka bi makon jiya. Wanda bai taɓa tura mota a tudun rairayi tsakanin Gure da Tasker ba, in ya zauna a ofis da taswira da na'urar lissafi, ba makawa ya ga ɓarawo inda babu shi. Ban ma ambaci awannin da mota ke yi a tsaye inji na aiki, iyakwandishan na hurawa, ana jiran manya su gama taro a watan Afrilu ba. Babbar mota takan sha lita guda ko fiye a awa a haka, ba tare da ta motsa taku ɗaya ba, kuma ba direba ne ya ce a bar ta a kunne ba.

Akwai wata lamba ta biyu da ake ruɗa ta da wannan, wato wadda kamfani ke bugawa a takardar mota. Ita ma ba abin dogaro ba ce, kuma tarihi ya nuna. A 2012 Hyundai da Kia sun amsa cewa sun zuzuta tsimin man motoci kusan 900,000 a Amurka, a 2014 suka biya tarar dala miliyan 100. A 2016 Mitsubishi ta amsa cewa ta murɗe sakamakon gwajin ƙananan motoci 625,000 a Japan. Ko inda babu maguɗi, rahoton Hukumar Tarayyar Turai na Maris 2024 ya nuna motocin fetur da na gazuwal suna shan kusan kashi 20 cikin 100 fiye da abin da takardunsu suka ce, a kan titunan Turai. Ina ga hanyar Subdu a nan yankinmu ranar kasuwa, mota ɗauke da kaya har sama?

Wani abin da ya fi damuna a matsayina na malamin lissafi shi ne allunan nan ba harshe ɗaya suke yi ba. Motar Turai tana faɗin lita nawa take sha a kilomita 100, don haka ƙaramar lamba ita ce alheri. Motoci da yawa na Japan da na ƙasashen Larabawa suna faɗin kilomita nawa suke yi da lita guda, a nan babbar lamba ce alheri. Motar Amurka kuma mil da galan ta sani, mil ɗaya kilomita 1.609, galan ɗinsu lita 3.785, kuma ba ɗaya yake da galan ɗin Ingila mai lita 4.546 ba. A ce mutum ya je Damagaram sayen mota, ya ga biyu kowace allonta ya rubuta 12. Ta farko lita 12 take nufi a kilomita 100. Ta biyu kilomita 12 take nufi a lita guda, wato lita 8.3 a kilomita 100. Daga Gure zuwa Damagaram, ta Gidigir da Gidimuni da Mirya, kimanin kilomita 165 ne. Zuwa da dawowa ta farko za ta sha kusan lita 40, ta biyu lita 27 da rabi. Bambancin lita 12 ke nan, kusan jika 6 a tafiya guda, a farashin sefa 499 da gwamnati ta tsayar wa litar fetur a Yulin 2024. Mai motar haya da ke wannan hanya kullum, ya lissafa abin da wannan ke zama a wata. Dabarar fassarawa ba ta da wuya: in allon na Amurka ne, a raba 235 da lambar da ya nuna, in na kilomita a lita ne, a raba 100 da ita. Mota mai nuna 25 a lissafin Amurka lita 9.4 take sha. Yaron da ya gama firamare zai iya wannan, amma sai an gaya masa.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu asarar kuɗi ce da ta suna. Akwai wadda ta fi su. Allon nan yana kuma nuna kilomita nawa suka rage kafin mai ya ƙare, kuma matasan direbobi sun fara yarda da shi fiye da yadda iyayensu suka yarda da sandar da suke tsomawa a tanki. Wannan lamba daga shan man da mota ta yi a baya-bayan nan ake fitar da ita. Wanda ya taho daga Damagaram a kan kwalta, allo zai yi masa alkawarin tafiya mai nisa, domin yana zaton kwaltar za ta ci gaba. Da ya sauka ya nufi arewa, ya wuce duwatsun Kutus ya shiga rairayi, sai ya ga lambar tana zubewa, kilomita 10 na tafiya su cinye 20 na alkawari. A birni in mai ya ƙare tura mota ake yi zuwa gefen titi. A dajin Tasker, inda za a yi tafiya mai tsawo babu rijiya babu layin waya, ƙarewar mai magana ce ta rai. Haka nan motar ɗaukar marasa lafiya da aka yi mata kason mai da lissafin kwalta, alhali ƙauyen da za ta ɗauko mai naƙuda yana bayan tuddai. Dangi sukan haɗa kuɗin mai da kyar, in lissafin ya gaza a tsakiyar hanya babu wanda za a tambaya.

Hanyar gane gaskiya tsohuwa ce, tsofaffin direbobi sun san ta tun kafin allo ya zo. A cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a rubuta lambar agogon kilomita. A yi tafiya. A dawo famfo ɗaya a sake cikawa. Litar da ta shiga a karo na biyu ita ce abin da aka sha, a raba ta da kilomitar da aka yi a ninka da 100. A yi haka sau uku ko huɗu, na kwalta daban, na rairayi daban, a kuma gwada agogon motar da duwatsun kilomita na bakin hanya don a san ko taya ta karkatar da shi. Daga nan mai mota ya san motarsa, ya san kuma da nawa allonta ke kaucewa.

A nan ne maganar ta dawo teburinka, ranka ya daɗe. Wannan hanya gaba ɗayanta ta jingina ne a kan abu guda, wato litar da famfo ya rubuta ta zama lita. In famfo yana tauyewa, direba ya biya kuɗin lita 60 tankinsa ya karɓi 57, takardar mai ta ce 60, kuma a ƙarshen wata shi za a tuhuma da ukun da bai taɓa gani ba. Ba ina zargin wani gidan mai ba ne. Ina cewa ne mai saye ba ya da hanyar sani sai ta wurinku. Da tulun gwaji mai lita 20 ana gane famfo cikin 'yan mintoci, kuma abin da ƙa'ida ta yafe masa a lita 20 mililita 100 ne kawai. Ina roƙon a riƙa wannan gwaji a garuruwa irin namu a kai a kai, a gaban jama'a, a manna shaida mai kwanan wata a jikin famfo inda mai saye zai gani, a kuma gaya masa inda zai kai kuka in ya ga ba daidai ba.

Ba zan ɓoye maka ba, mai da yawa a ƙauyukanmu ba ta famfo yake bi ba. Ta hannun 'yan ruwa-ruwa yake bi, a kwalba da bido, domin a wurare da dama babu gidan mai ko kusa. Na san matsayinsu a doka, ba kuma shi na zo tattaunawa ba. Amma kwalabe ba girmansu ɗaya ba, kuma fetur yana kumbura da zafi, kimanin kashi ɗaya cikin 1,000 a kowane digiri. Bido mai lita 25 da aka auna da sanyin asuba, in ya sha rana zafinsa ya ƙaru da digiri 20, zai nuna ƙarin kusan rabin lita alhali ƙarfinsa bai ƙaru ba. Wanda ya zuba irin wannan mai a daji, sannan aka zo ana gwama takardarsa da allon mota, ƙiyasi ne ake aunawa da ƙiyasi, mutum kuma a tsakiya.

Man nan namu ne. Daga Agadem yake fitowa, ya bi bututu mai kilomita 462 zuwa matatar SORAZ a arewacin Damagaram, wadda aka buɗe ranar 28 ga Nuwamban 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Mun yi murna a ranar. Mun kuma ga abin da ya biyo bayan janye tallafin mai a Najeriya a Mayun 2023, da layukan da aka yi a gidajen mai a Maris na 2025, lokacin da kowace lita ta zama abin lallashi. Ƙasar da ke haƙo mai ta tace shi da kanta ta cancanci ta san litarta. Kakanninmu ba su bar awo sakaka ba, sun naɗa korama a kan masu awon hatsi a kasuwa, malamanmu kuma har gobe suna karantar da Suratul Muɗaffifina a kan masu tauye mudu. A yau wannan kujera ku ke kanta.

Bayan gwajin famfo, ina roƙon takarda guda daga hukumarka, gajera, zuwa ga ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyi da kamfanonin sufuri da ƙungiyoyin direbobi, mai cewa allon mota ba ya cikin ma'aunan da hukuma ta tantance, kuma ba ya zama hujjar yanke albashi ko kora. A ce musu duk mai son sanin shan man motarsa ya bi hanyar cika tanki, a gaban direba, a irin hanyar da motar ke bi, kason kwalta daban na rairayi daban. Wannan zai kare direba mai gaskiya, zai kuma fi saurin kama marar gaskiya, domin wanda ke zuƙe mai yana fakewa ne a cikin wannan ruɗani. Dillalan motoci ma a umarce su su faɗa wa mai saye da wane harshe allon ke magana, su mayar da shi kan lita da kilomita in motar tana da wannan zaɓi, kamar yadda da yawansu suke da shi.

Bayanin kuma kada ya tsaya a Faransanci. A kai shi gidajen rediyon karkara da Hausa da Barbarci da Fillanci da Tubanci da Buzanci, domin masu tuƙin nan da su suke ji. Kowace shekara ranar 20 ga Mayu ana bikin ranar ma'auni ta duniya, don tunawa da yarjejeniyar mita ta 1875. Ina roƙonka, ranka ya daɗe, a shekara mai zuwa ka turo ma'aikatanka da tulun lita 20 su yi wannan rana a tashar Gure. Direbobi za su zo da motocinsu da littattafansu, ɗan ƙanena ma, wanda yanzu kabu-kabu yake yi, zai zo da nasa.

Allah ya yi maka jagora, ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka.

Wassalam.
Naka,
Tsohon malamin lissafi,
Gure, jihar Damagaram.